Ƙaramin kamfanin mota da wahalar wanke suna: labarin Lotus

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda karatu ya fi musu daɗi.

Yau maganar mota za mu yi. Na san wani zai ce haba malam, ana fama da kuɗin fetur, kai kuma ka kwaso mana labarin motar tsere ta Turawa? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Abin da ya ja hankalina a labarin nan shi ne suna. Yaya ƙaramin kamfani, wanda ba shi da kuɗin cika talabijin da talla, yake gina suna, yaya sunan yake ɓaci, kuma me ake yi a gyara shi? Na zaɓi kamfanin Lotus na Ingila ne saboda kusan duk dabarar gyaran suna da ka sani sun gwada ta, wata ta ci, wata ta kwance musu zani a kasuwa.

Bari mu fara da su waye su. Wani injiniya mai suna Colin Chapman ne ya haɗa motarsa ta farko a 1948, daga wata tsohuwar Austin 7, a garejin gidan iyayen budurwarsa. A 1952 ya kafa kamfani. A 1966 suka koma wani ƙauye da ake kira Hethel a yankin Norfolk, a kan tsohon filin jiragen yaƙi na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma har yau can ne gidansu. Aƙidar Chapman ɗaya ce: a rage wa mota nauyi. Hujjarsa mai sauƙi ce. Babban inji yana ba ka gudu ne a miƙaƙƙiyar hanya kawai, amma idan mota ba ta da nauyi za ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa idan an taka birki, ta fi iya shan kwana, kuma ba ta shan mai sosai.

Da wannan tunanin suka shiga gasar tseren Formula 1 suka yi ta ɗebo kofi. Sau 7 suna zama zakaran kamfanoni, sau 6 direbansu yana zama zakaran duniya. Jim Clark ya ci a 1963 da 1965, Graham Hill a 1968, Jochen Rindt a 1970, Emerson Fittipaldi a 1972, Mario Andretti a 1978. Shi ma Ayrton Senna na Birazil a motar Lotus ya ci tserensa na farko, a Fotugal a 1985. To kun ga tallar farko ke nan, kuma ba allon talla suka saya ba. Duk ranar da aka yi tsere, jaridu ne suke yi musu shela kyauta. Chapman ma ya ƙara da wata dabara a 1968: ya shafe motocinsa da launin wani kamfanin taba sigari da ya biya shi kuɗi, a lokacin da aka saba kowace mota tana ɗaukar launin ƙasarta. Wato maimakon ya biya a tallata shi, shi ake biya.

Amma fa wannan rashin nauyin yana da farashinsa. Idan kana rage ƙarfe har iyakar da za ta yiwu, wata rana za ka wuce iyakar. Motocin tserensu sun yi suna wajen karyewa, har direbobi suna ɗar-ɗar da su. Jochen Rindt ɗin da na ambata, a lokacin gwaji a Monza ta Italiya ya rasu a 1970, bayan mutuwarsa aka ba shi kambun. Motocin da suke sayar wa jama'a kuma, wasu a warwatse ake sayar da su, mai saye ya haɗa da kansa a gida don kauce wa harajin da ake ɗora wa sabuwar mota a Birtaniya a lokacin. Kowa da irin hannunsa. Ga yoyon ruwa idan ana ruwan sama, ga matsalar wayarin. Sai Turawa suka mayar da haruffa biyar na sunan zuwa zolaya: Lots Of Trouble, Usually Serious. Ma'ana, tarin matsaloli, kuma yawanci manya.

Ku tsaya a nan ku yi tunani. Zolaya ta fi zagi illa ga ɗan kasuwa. Idan jarida ta yi maka ƙarya kana iya kai ta kotu. To wa za ka kai ƙara a kan barkwanci? Mutumin da bai taɓa ganin motar da idonsa ba ya haddace zolayar, kuma zai faɗa wa abokinsa ranar da abokin ya ce yana son saye. Mu ma nan mun san abin. Akwai motocin da da zarar ka ambaci sunansu a majalisa za a kwashe da dariya a ce “ka sayi makanike tare da ita”. Shekara 20 bayan an gyara matsalar, maganar tana nan.

Yanzu ga dabarar da ta fi burge ni a duk tarihinsu. A tsakiyar shekarun 1970 sun ƙera wata mota mai suna Esprit, mai siffa kamar bakin gatari. Jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, Don McLauchlan, ya ji ana shirin sabon fim ɗin James Bond. Bai rubuta wasiƙar roƙo ba. Sai ya ɗauki motar, ya rufe duk inda aka rubuta sunan kamfani a jikinta, ya je ya ajiye ta a gaban ofishin masu fim ɗin a situdiyon Pinewood, ya bar ta mutane suka taru suna kallo suna tambayar wace irin mota ce wannan. Daga baya ya dawo ya ja abarsa ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Su da kansu suka shiga neman mai ita. A fim ɗin The Spy Who Loved Me na 1977, farar Esprit ce ta faɗa cikin teku ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa. Har yau da yawan mutanen da suka san Lotus ta wannan fim ɗin suka san ta. A 2013 Elon Musk ya sayi ainihin wadda aka yi amfani da ita a cikin ruwan, a wani gwanjo a Landan, kan fam 616,000.

Dabara ce mai kyau, ba musu. Sai dai fim ba ya toshe yoyo. Ya kawo masu saye, masu sayen suka tarar da matsalolin da aka saba. Sannan wata guguwar ta taso: Lotus ce ta yi wa kamfanin DeLorean aikin injiniyanci, kamfanin da gwamnatin Birtaniya ta zuba wa kuɗi a Ireland ta Arewa, ya ruguje, aka gano wasu miliyoyi sun yi ɓatan dabo. Chapman ya rasu da bugun zuciya a Disambar 1982 yana da shekara 54, daga baya kotu ta ɗaure daraktan kuɗinsa. Daga nan kamfanin ya koma kamar ƙwallo. General Motors ta Amurka ta saye shi a 1986, ta sayar wa wani attajirin Italiya, Romano Artioli, a 1993, shi kuma ya sayar da kaso mafi tsoka ga Proton ta Malesiya a 1996. Duk wanda zai sayi mota mai tsada sai ya tambayi kansa, nan da shekara biyar kamfanin nan yana nan kuwa? Wa zai ba ni kayan gyara?

Abin da ya wanke su a wancan lokacin mota ce guda ɗaya, ƙarama, mai kujera biyu, sunanta Elise. Sunan jikar Artioli aka sa mata. Ta shiga kasuwa a 1996. Ƙashin jikinta na alminiyon ne, kuma maimakon walda, da wani gam mai ƙarfi aka manne shi, nauyinsa bai kai kilo 70 ba. Motar gaba ɗayanta kilo 725 ce. Ku kwatanta da Corolla ɗin da ke bakin titi, wadda ta haura tan ɗaya. Injinta ɗan ƙarami ne, lita 1.8, amma 'yan jaridar da suka tuƙa ta sun fito suna ta santi. Ba a ɗauko wani tauraro ba, ba a yi wani gagarumin biki ba. Motar ta yi daidai da abin da kamfanin ya daɗe yana faɗa game da kansa, shi ke nan. Kafin a daina ƙera ta a 2021 an yi sama da guda 35,000, wanda a wurin kamfani irin wannan adadi ne babba. Har Tesla ma, motarsu ta farko ta 2008, a kan tsarin Elise aka gina ta, kuma a Hethel aka riƙa haɗa gangar jikinta.

Akwai kuma wani mataki da ba a cika ba shi muhimmanci ba, wanda ni a ganina ya fi fim ɗin James Bond amfani. Injin farko da suka sa wa Elise na kamfanin Rover ne, kuma an san shi da ƙona tof gaskit. Da suka tashi shigar da ita kasuwar Amurka a 2004 sai suka koma injin Toyota. Da suka fito da Evora kuwa, injin da suka ɗora mata mai silinda shida, lita 3.5, dangin wanda ke cikin Camry ɗin nan ne da muke kira Muscle. Kun gane abin da suka yi? Sun san ba a yarda da su wajen ƙarko ba, sai suka je suka aro yardar wanda aka yarda da shi. Mai saye ya daina jin tsoron injin, ya koma kallon abin da Lotus ta iya, wato daɗin tuƙi.

Wannan ya tuna mini da wani makanike a unguwarmu. Duk motar da aka kawo masa a ce a duba kafin a saya, ba ya fara buɗe bonet. Tambayarsa ta farko ita ce, akwai kayanta a kasuwa? Ta biyu, idan ka gaji da ita wa zai saya? Idan amsoshin nan ba su yi masa ba, ko da gwal aka yi bodinta zai ce maka ka bari. Mutum irin wannan, wanda ba ya kan albashin kowane kamfani, shi ne yake riƙe da sunan mota a hannunsa. A Ingila ma haka abin yake, sai dai nasu suna da ƙungiyoyin masu motar da mujallu.

To yanzu mu zo kan yadda ake ɓata rawa da tsalle. A 2009 aka naɗa wani sabon shugaba, Dany Bahar, wanda ya taso daga Ferrari, kafin nan kuma ya yi aiki a Red Bull. Gwanin talla ne na gaske. Lissafinsa shi ne Lotus ta daina zama kamfanin ƙananan motoci masu ɗan sauƙin kuɗi, ta hau sama ta goga kafaɗa da Ferrari da Porsche. Kuma a gaskiya lissafin ba na banza ba ne, don kamfanin ya daɗe yana tafka asara, ribar ƙaramar mota kuma ba ta taka kara ta karya ba. Matsalar ita ce hanyar da ya bi. A bajekolin motoci na Faris a 2010 ya yaye lulluɓin sababbin motoci biyar a rana ɗaya. Biyar! Manyan kamfanoni masu dubban injiniyoyi ma ɗaya ko biyu suke nunawa. Ya gayyato taurari irin su Naomi Campbell da Mickey Rourke su tsaya kusa da motocin. Daga baya aka ba mawaƙin nan Swizz Beatz muƙami a ɓangaren zane, aka buɗe kantin sayar da tufafi masu tambarin Lotus a titin Regent na Landan. A 2011 kuma aka wayi gari ƙungiyoyi biyu suna tsere a Formula 1 kowacce da sunan Lotus, har sai da aka je gaban babbar kotu a Landan a kan wa ya mallaki sunan.

A cikin motoci biyar ɗin nan, ko ɗaya ba a ƙera don sayarwa ba. Ko ɗaya. A farkon 2012 wani kamfanin Malesiya, DRB-Hicom, ya saye Proton, ya duba littattafai, a watan Yuni aka sallami Bahar. Abin da ya rage shi ne sabuwar zolaya a kan tsohuwa. Da ana cewa motarsu tana lalacewa, yanzu an ƙara da cewa maganarsu ma ba a riƙe ta. Tsofaffin masoya, waɗanda suka jure yoyo da komai saboda ƙauna, sun ji kamar an ce musu ba a bukatarsu, ana neman masu kuɗi. Su kuma masu kuɗin ba su zo ba, don babu motar da za su saya.

Ni wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, domin ina ganin irinsa a tsakaninmu matasa kullum. A buga fosta, a kama hol, a gayyato mai mabiya da yawa ya yanka ribon, a ce an ƙaddamar. Wata shida ka nemi abin ka rasa. Har a harkarmu ta gwagwarmaya muna yi, ban cire kaina ba.

Ku dubi wani ƙaramin kamfanin na Ingila, Morgan, a garin Malvern. Sun haura shekara 100, har yau da katako suke yin firam ɗin da ke riƙe bodin motarsu, kuma abin da suke ƙerawa a shekara bai kai dubu ba. A 1990 BBC ta kawo wani shahararren masanin kasuwanci, Sir John Harvey-Jones, a wani shirin talabijin, ya zagaya masana'antar ya ce musu su sabunta aiki su ƙara yawan motoci ko su mutu. Suka ƙi bin yawancin shawararsa a lokacin. Mutane suka ga kafintoci da maƙera suna aiki da hannu a talabijin, sai oda ta ƙaru. Yau zagayen masana'antar ma sana'a ce a wurinsu, dubban mutane suna biyan kuɗi duk shekara su shiga su gani. Ba cewa nake Morgan ta fi Lotus wayo ba, ita ma a 2019 wani kamfanin zuba jari mai tushe a Italiya ya sayi kaso mafi yawa a cikinta. Amma dai wanda ya ji sunan Morgan ya san abin da zai tarar.

Mu dawo kan Lotus. A 2017 Geely ta Chaina, wadda ta sayi Volvo tun 2010, ta karɓi kashi 51 cikin ɗari. Karon farko a tarihinsu kuɗi na gaske ya shigo. Aka gyara masana'antar Hethel, aka fito da Emira a 2021, mota mai kyan gani wadda mutum zai iya shiga ba tare da ya naɗe kamar tabarma ba. An yaba mata sosai, duk da cewa waɗanda suka ba da kafin alƙalami, musamman a Amurka, sun sha jira. Sai kuma a 2022 aka nuna Eletre, ƙatuwar jif mai aiki da lantarki, wadda ake ƙerawa a birnin Wuhan. Nauyinta ya kai wajen tan biyu da rabi. Wato ka ɗora Elise ta farko guda uku a kan sikeli, ba su kai ta ba. Kamfanin da duk sunansa a kan rashin nauyi ya ginu.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Masu goyon baya suna kawo misalin Porsche, wadda ta fito da jif ɗin Cayenne a 2002, masoya suka yi ta kuka, amma kuɗin jif ɗin ya taimaka wajen riƙe ƙananan motocin tserenta. Masu suka kuma suna cewa Porsche ba ta taɓa yin wa'azin rashin nauyi a matsayin addininta ba, kuma mutumin da zai kashe wannan maƙudan kuɗi a kan jif yana neman garanti da wurin gyara kusa da gida, abubuwan da ba a san Lotus da su ba. Ni ina ganin kuskuren ba ya cikin ƙera jif ɗin. Kamfani dole ya ci abinci. Inda suka yi sakaci shi ne sanarwar da suka yi cewa nan da 2028 za su koma lantarki zalla kuma Emira ce motar fetur ta ƙarshe. Kasuwar motocin lantarki masu tsada ta yi sanyi, Amurka ta ɗora harajin kashi 100 cikin ɗari a kan motocin lantarki na Chaina a 2024, sai ga shi a ƙarshen shekarar sun dawo suna cewa za su yi masu haɗa fetur da lantarki. Wani alkawarin ke nan da aka janye a bainar jama'a.

Da ni za a tambaya inda ya kamata kuɗin gyaran suna ya tafi, ba zan kai shi wurin taurari ba. Zan zuba shi a sito, ya zama duk wanda ya fasa fitila ko gilashi ya samu cikin mako guda. Zan tsawaita garanti fiye da na abokan hamayya, don garanti magana ce da kamfani yake sa kuɗinsa a kai, kuma ita kaɗai ce take iya karawa da waccan zolayar. Ba zan sanar da ranar fitowar mota ba sai na tabbata. Tsofaffin masu Elise da Esprit kuwa, zan riƙe su hannu bibbiyu, in riƙa gayyatarsu filin gwaji na Hethel, domin su ne wanda yake shawarar saye zai fara tambaya. Waɗannan abubuwan ba sa yin tashe a TikTok, shi ya sa shugaban da ke son a san da zuwansa ba ya son su.

Kada kuma mu ɗauka wasan masu kuɗi ne kawai. A 2025 gwamnatin Trump ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigarwa Amurka, wadda babbar kasuwa ce ga Emira, aka dakatar da tura motoci na wani lokaci. A watan Yuni jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa ana tunanin rufe masana'antar Hethel. Kamfanin ya fito ya musanta. Wata biyu bayan haka ya sanar da rage ma'aikata har 550, daga cikin kusan 1,300 da ke wurin. Masu fenti ne, da masu ɗinkin kujera, da matasan da suka shiga koyon aiki, a yankin karkara inda irin wannan aikin ba shi da yawa. Duk mutumin da ya je dila ya tuna da zolayar nan ya juya ya sayi Porsche, a albashin waɗannan mutanen abin yake ƙarewa.

Nan za mu dakata a yau.